Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu, Mai Ganuwar Birni

Baƙon da ya zo Damagaram ziyara, in ya sami wanda ya san gari ya yi masa ja-gora, da wuya a fara kai shi wani wuri ba Birni ba. Za a bi da shi ta ƙananan lunguna, tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska, har a ɓullo filin ƙofar fada, inda dogarai ke zaune cikin rigunansu ja da kore. A nuna masa masallaci, a shigar da shi zaurukan fada masu kaurin bango da sanyi ko da tsakar rana, sa'an nan a kai shi ya ga guntayen tsohuwar ganuwa. A duk inda aka tsaya, sunan sarki ɗaya ne mai ja-gora zai riƙa maimaitawa, shi ne Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a shekarar 1884.

Gidan sarautar da ya fito daga ciki ya samo asali ne daga wani malami da ya zo daga wajen Barno a cikin shekarun 1730. Zuriyarsa suka yi ta sauya mazauni daga wannan ƙauye zuwa wancan, suna ƙarƙashin inuwar Barno, har zamanin Sulaimanu, mahaifin Tanimun, wanda ya kafa gadon sarauta a Zinder a farkon ƙarni na 19. Garin a lokacin bai kai ya kawo ba. Amma yana da abu biyu da suka fi yawan jama'a amfani: duwatsun da ke kare shi, da kuma zamansa a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya ratso Gat da Agadas, ya nufi Kano.

Da Sulaimanu ya bar gado a 1822, ɗansa Ibrahim ne ya gaje shi. Tanimun bai haƙura da zama ƙanen sarki ba. A 1841 ya karɓe sarauta daga hannun yayansa, sai dai ba ta daɗe a hannunsa ba, domin a 1843 aka mayar da Ibrahim. A wancan zamani, ba a zama Sarkin Damagaram a zauna daram sai da yardar Shehun Barno a Kukawa, kuma Tanimun ya ɗanɗana wannan da kansa. Shekarun da ya yi a gefe yana jira su ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya aikata daga baya. Da ya dawo kan gado wajajen 1851, ya dawo ne da niyyar kada wani ya sake tuɓe shi daga nesa. Ya shekara talatin da ɗoriya yana mulki, kuma ba a sake tuɓe shi ba.

Aikin da ya fara sa wa gaba shi ne gini. A zamaninsa ne aka tayar da fadar da ake gani a yau, ko da yake sarakunan baya sun yi mata gyare-gyare da ƙari. Wajajen 1856 kuma ya kewaye Birni da ganuwa ta jar ƙasa, mai tsayi da kauri, mai ƙofofi bakwai. Duk wanda ya san aikin ginin ƙasa ya san abin da wannan ke nufi: a haƙo ƙasa, a ɗebo ruwa a garin da ruwa ke wuya, a kwaɓa, a cura tubali, a ɗora, damina kuma in ta wuce a sake yaɓe. Dubban hannaye ne suka yi wannan aiki, talakawan da aka tara daga ƙauyuka da bayin da aka kamo wajen yaƙi. Ba a riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ƙasar da ake nuna wa baƙi a yau su suka tattake ta da ƙafa.

Ganuwar ta raba gari gida biyu. A ciki akwai sarki da fadawa da malamai da barori. A waje, daga arewa, akwai Zango, masaukin Abzinawa da fatake, inda raƙuma ke durƙusawa a sauke kaya. Larabawan Gadamas da na Tarabulus suna kawo tufafi da takarda da duwatsun ado da bindigogi, su koma da fatu da gashin jimina da bayi. Gishirin Bilma ma ta nan yake bi. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Zinder a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853, kuma ya bayyana garin a matsayin ƙofar shiga ƙasar Sudan ga mai tahowa daga arewa. Tanimun ya gane haka sarai. Ya tsare hanya, ya kyautata wa baƙin ƴan kasuwa, shi da kansa ya shiga fatauci, ribar kuma ya zuba ta cikin makamai.

A nan ne ya sha bamban da sarakunan da ke kewaye da shi. Bai tsaya ga sayen bindiga daga hannun Larabawa kaɗai ba. Ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin gari, maƙera kuma suka zuba masa igwa. Ya kafa rundunar ƴan bindiga daga cikin bayinsa, a gefen mahaya dawaki masu lifidi da aka saba da su tun dā. Haka nan a harkar mulki, ya jawo bayin sarki kusa, ya danƙa musu manyan muƙamai, ya rage ƙarfin ƴaƴan sarauta. Mutumin da ya taɓa ƙwace gado daga hannun ɗan'uwansa ya fi kowa sanin ta inda ake ɓullo wa sarki.

Da wannan runduna ya faɗaɗa ƙasa. Garuruwan Sosebaki, irin su Mirriya da Dungas da Waca, suka shiga ƙarƙashin Damagaram. Ikonsa ya kai ga sarakunan Daura na Haɓe da Fulani suka kora, ya kuma juya gabas ya danne Muniyo, wadda ita ma mai biyayya ce ga Barno. Wannan ya tayar da hankalin fadar Shehu Umar. Bajamushe Gustav Nachtigal, da ya isa Kukawa a 1870, ya tarar ana maganar Sarkin Damagaram da ƙarfin da ya tara. Sai dai Tanimun bai taɓa tsinke igiya gaba ɗaya ba. In ya ga rai ya ɓaci ƙwarai a Kukawa sai ya aika da gaisuwa, in ƙura ta lafa ya ci gaba da abin da ya sa gaba. A suna yana bin Barno, a aikace kuwa babu mai ba shi umarni.

Ba daidai ba ne a ba da labarin wannan ɗaukaka a ɓoye abin da ta ci. Arzikin Damagaram na wancan ƙarni ya dogara ƙwarai ga hari da cinikin bayi. Tun a Janairu 1851, Bature James Richardson ya ga yadda ake fita daga Zinder a faɗa wa ƙauyuka a kamo mutane, kuma wannan bai ragu ba a zamanin Tanimun. Akwai garuruwan da har yau tarihinsu na baka ke tuna shi da tsoro, ba da kirari ba. Su ma ƴan ƙasar nan ne.

Bayan rasuwarsa a 1884, ƴaƴansa suka hau gado bi da bi: Sulaimanu ɗan A'isha har 1893, sa'an nan Amadu Kuran Daga, wanda ya kai yaƙi har kusa da Kano. A zamanin Amadu ne aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu 1898. Shekara guda bayan haka, a ƙarshen Yuli 1899, sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga gari. Shekara 15 kacal ke nan bayan Tanimun. A 1906 Nasara suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi gudun hijira, gadon ya zauna ba ɗan gida a kai, sai a 1923 aka mayar da sarauta ga zuriyar, aka naɗa Barma Mustafa. Ganuwa kuwa, da aka daina yaɓe ta, wani sashe aka rushe, wani ruwan sama ya cinye.

Fadar ita ce ta tsira, domin ba a taɓa daina zama a cikinta ba. A 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. In mai ja-gora ya gama zagayawa da baƙo cikin Birni, yakan nuna masa barikin soja da ke kan tudu tsakanin Birni da Zango. Faransawa ne suka gina shi, suka sa masa sunan Cazemajou. Bayan samun ƴancin kai aka cire wannan suna, aka sa na Tanimun.