Fada Damiyan, Bawan Allah a Zangon Kutare

Karatu: Markus 1:40-45, Karin Magana 31:8-9

A wannan mako za mu duba rayuwar wani bawan Allah da ya rasu tun shekara ta 1889. Iyayensa sun raɗa masa suna Yusufu de Veuster, amma duniya ta san shi da Fada Damiyan. Firist ne na ikilisiyar Katolika. Na san da yawa cikinmu ba 'yan Katolika ba ne, akwai kuma koyarwar da muka sha bamban da su. Wannan ba zai hana mu koyi abin kirki daga mutumin da ya ba da ransa domin marasa lafiya ba.

An haife shi ran 3 ga Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo, ƙasar Beljiyam. Iyayensa manoma ne. Yana da shekara 13 ya bar makaranta ya kama aikin gona, nan ya sami ƙarfin jiki da hannun aiki. Yana da shekara 19 ya bi sawun wansa, ya shiga wata ƙungiyar firistoci a birnin Luven. Wan ne aka zaɓa ya tafi aikin mishan a tsibiran Hawayi, can tsakiyar tekun Pasifik, sai ciwo ya kwantar da shi. Ƙanen ya roƙa a aike shi a madadinsa, aka yarda. Ya sauka birnin Honolulu cikin watan Maris 1864, aka naɗa shi firist cikin watan Mayu. Ya yi shekara tara yana hidima a ƙauyukan babban tsibirin ƙasar.

A kwanakin nan kuturta tana yaɗuwa tsakanin 'yan ƙasar, tsoro kuwa ya kama masu mulki. A 1865 sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a dokar ware kutare. Aka zaɓi wani lungu a tsibirin Molokai, teku ta kewaye shi ta gefe uku, a bayansa kuma dutse ne tsaye mai tsayin wajen mita 500. Daga Janairu 1866 aka fara kwaso mutane ana sauke su can. An raba mata da miji, an raba uwa da ɗanta. Hukuma ta ɗauka za su yi noma su ci da kansu, ta manta cewa mai dungulmin hannu ba ya riƙe fartanya. Shekarun farko ba likitan da ke zaune a wurin, abinci ba ya isa, ruwa sai an yi tafiya mai nisa. Duk da haka kada mu ce ba mai tsoron Allah a zangon kafin Damiyan ya zo. Masu bi daga cikin marasa lafiyan sun riga sun kafa ikilisiyarsu mai suna Silowam, akwai kuma masu lafiya da suka bi 'yan'uwansu da son ransu domin su yi jiyyarsu.

A 1873 bishop ya nemi firistocin da za su riƙa zuwa zangon bi da bi. Mutum huɗu suka miƙa kansu. Damiyan ne ya fara tafiya, ya sauka ran 10 ga Mayu, daga nan kuma ya roƙa a bar shi ya zauna. Makonnin farko a gindin wani itace yake kwana.

Ya zo da niyyar wa'azi da ba da jibin Ubangiji, ya kuwa yi su har ƙarshe. Amma ya tarar ba zai iya tsayawa nan ba. Ya wanke gyambuna ya ɗaure su. Ya sassaƙa akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura, domin a daina yar da matattu kamar mushe. Shi da mazauna wurin suka shimfiɗa bututun ruwa, suka gina ɗakuna na katako a maimakon bukkokin ciyawa da iska ke rushewa. Ya buɗe gidajen marayu. Ya faɗaɗa majami'a, ya huda ramuka a daɓenta domin waɗanda ciwo ya ci maƙogwaronsu su iya tofar da yawu ba sai sun fita daga sujada ba. Ku tuna da karatunmu. Bisa ga shari'ar da ke cikin Littafin Firistoci sura 13, kuturu a bayan zango yake zama. Ubangijinmu yana da ikon warkar da mutumin nan daga nesa, amma ya miƙa hannu ya taɓa shi.

Akwai wani sashe na aikinsa da ba a cika faɗa ba, ni kuwa a ganina shi ne ya fi wuya. Damiyan ya hana Hukumar Lafiya ta Honolulu sakat. Wasiƙa bayan wasiƙa yake rubutawa: a aiko da katako, a aiko da tufafi, a ƙara abinci, a kawo magani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa a ɗakin yake kwana. Ba mutum ne mai laushin harshe ba, yana da taurin kai da saurin fushi, shi ya sa ma'aikatan gwamnati suka gaji da shi. Har shugabannin ikilisiyarsa suka zarge shi da neman suna da kunyata hukuma, musamman da labarinsa ya bazu a jaridu, wani fasto na Angilikan a Landan mai suna Hugh Chapman ya tara masa kuɗi mai yawa. Jiyya kowa yakan yaba. Amma ranar da mai jiyya ya tambaya don me babu magani, sai fuskoki su sake. Karin Magana 31 ta umarce mu mu buɗe baki domin waɗanda ba su da bakin magana, wannan kuwa aikin ibada ne kamar addu'a.

Abin da ya yi da hannu da alƙalami, daga baya ikilisiyarsa ta rubuta shi ya zama koyarwa. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1891, Paparoma Liyo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan haƙƙin ma'aikata da matalauta, wadda ake ɗauka ita ce tushen koyarwar Katolika a kan zaman jama'a. A 1963 Paparoma Yohanna na 23 ya lissafta samun magani cikin haƙƙoƙin kowane ɗan adam, tare da abinci da sutura da wurin kwana. Dalilinsu shi ne mutum an halicce shi cikin siffar Allah, ciwo ko talauci ba ya goge wannan siffa. A kan wannan batu ban ga inda mai bin Littafi Mai Tsarki zai yi musu da su ba.

Wajen ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fata ta sale, bai ji komai ba. Ya gane alamar. Tun dā a wa'azinsa yakan lissafta kansa cikin kutare, yanzu maganar ta tabbata a jikinsa. A nan sai in faɗi gaskiya, bai kula da kansa yadda ya kamata ba. Yakan sa hannu cikin ƙwarya ɗaya da marasa lafiya, yakan bar su su sha lofensa, likitoci sun yi masa gargaɗi bai ji ba. Uwa Mariyan Cope, wadda ta zo zangon da 'yan'uwanta sistoci a 1888, ta kafa dokar wanke hannu da tsabta, ta yi shekara 30 tana hidima a wurin, cutar kuma ba ta kama ta ba. Ita ma ƙaunar ce ta kai ta.

Ya ci gaba da gini da rubuta wasiƙu har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu ran 15 ga Afrilu 1889, cikin makon shan wuyar Ubangiji, yana da shekara 49. Aka binne shi a gindin itacen da ya fara kwana. Ko bayan mutuwa bai huta da baki ba, gama wani fasto a Honolulu ya rubuta wasiƙa yana ɓata sunansa, sai marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ba ɗan Katolika ba ne, ya mayar masa da amsa mai zafi a 1890. A 1936 aka mai da gawarsa Beljiyam, a 2009 kuma ikilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkakanta.

A shekarar da ya sauka Molokai, 1873, wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta, amma magani mai aiki bai samu ba sai bayan 1940. Dokar warewa a Hawayi ba a soke ta ba sai 1969, bayan ta kai mutum wajen 8,000 zangon. Yau kuturta tana warkewa, tun 1995 kuma maganinta kyauta ne ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Masu sauraronmu na yankin Maraɗi sun san asibitin Danja da aikin da ake yi a can. Amma har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye mai ciwon saboda kunya, ko ana cewa sammu ne, har yatsu su lalace. Fastoci da dattawan ikilisiya, in wani a cikinku yana da tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, ku yi masa addu'a, ku kuma raka shi asibiti tun da wuri. Wata 6 zuwa 12 ne ake shan maganin, wanda ya fara sha kuwa ba ya ƙara sa wa kowa.