William Coley, likitan da ya nemi maganin kansa a cikin masassara

A ƙarshen shekarar 1890 aka kawo wa wani matashin likitan fiɗa a birnin New York na Amurka wata yarinya ƴar shekara 17 mai suna Bessie Dashiell. Hannunta ya maƙale tsakanin kujerun jirgin ƙasa, kumburin ya ƙi sauka. Da aka bincika sai aka tarar sarkoma ce, nau'in kansar da ke kama ƙashi da tsoka. Likitan ya yi abin da aka koya masa, ya yanke hannun daga ƙasan gwiwa. Cutar ta riga ta bazu, yarinyar ta rasu a watan Janairun 1891.

Sunan likitan William Bradley Coley. An haife shi ranar 12 ga Janairun 1862 a jihar Connecticut, ya yi jami'ar Yale, ya koyar da Latin da Girkanci na ɗan lokaci, sannan ya kammala karatun likita a Harvard a 1888. Mutuwar Bessie ta tsaya masa a rai, har ya shiga tonon tsofaffin takardun asibitin New York yana neman ko akwai wanda ya taɓa tsira daga irin wannan cuta.

Ya ci karo da takardar wani baƙo ɗan Jamus, Fred Stein, da aka yi wa fiɗa sau da dama saboda ƙari a wuya, ƙarin yana dawowa, har likitoci suka fid da rai. Ana cikin haka sai ya kamu da erisifelas, ciwon fata mai sa ja da raɗaɗi da masassara mai tsanani. A wancan zamani da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ciwon yakan kashe mutum. Stein ya tashi, ƙarin kuma ya narke. Coley bai tsaya ga takarda ba. Ya bi unguwannin baƙi na Manhattan gida-gida na tsawon makonni, har ya sami mutumin da ransa, da tabo a wuya, shekara bakwai bayan an sallame shi.

Tunanin da ya zo masa mai haɗari ne: idan ciwon da ya faɗo da kansa ya kori ƙari, me zai hana a jawo shi da gangan? A 1891 ya gwada a kan wani baƙo ɗan Italiya mai suna Zola, wanda ƙarin maƙogwaro ya hana shi haɗiye abinci. Watanni ana yi masa allurar ƙwayar cutar ba ta kama shi sosai ba, sai da aka samo mai ƙarfi daga ɗakin binciken Robert Koch a Jamus. Masassara ta kusa halaka Zola, amma ƙarin ya fara zagwanyewa. Ya ƙara fiye da shekara takwas a duniya kafin cutar ta dawo ta kashe shi a Italiya.

Ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. Biyu daga cikin marasa lafiyar farko ciwon da aka sa musu ne ya yi ajalinsu, kuma da a yau ne babu hukumar asibitin da za ta bari a yi gwaji irin wannan. Daga 1893 Coley ya koma amfani da ƙwayoyin cuta iri biyu da aka kashe da zafi, haɗin da aka riƙa kira dafin Coley. Kamfanin Parke-Davis ya fara sayar da shi a 1899. A tsawon aikinsa an yi wa mutane kusan dubu wannan magani, wasu da aka ce ba su da sauran kwana suka yi shekaru.

To me ya sa aka yi watsi da shi? Laifin ba na abokan hamayya ba ne kaɗai. Coley bai san dalilin da maganin ke aiki ba. Shi kansa yana zaton ƙwayar cuta ce ke haddasa kansa, abin da masana suka ƙi yarda da shi. Haɗin bai da ma'auni guda, an yi iri fiye da goma, wani da ƙarfi wani kamar ruwa. Wani likita ya yi allurar a jijiya, wani a tsoka, wani a cikin ƙarin, wani ya daina bayan mako biyu. Wanda ya gwada bai ga komai ba sai ya ce ƙarya ce. Ga shi kuma gashi da hasken radiyom ya shigo, sakamakonsa a bayyane, ana iya auna shi. Babban mai goyon bayan gashin, James Ewing, shi ne ke sama da Coley a asibitin Memorial, kuma bai ɓoye shakkarsa ba. Coley ya rasu ranar 16 ga Afirilun 1936, ana girmama shi a matsayin gwanin fiɗa, ana ɗaga kafaɗa idan an zo maganar dafinsa.

Ƴarsa Helen Coley Nauts ce ta hana aikin bin shi kabari. Ba likita ba ce, ba ta da digiri a kimiyya. Ta tattara takardun mahaifinta, ta yi shekaru tana rubuta wasiƙu ga likitoci da iyalan marasa lafiya, tana bin labarin ɗaruruwan mutane ɗaya bayan ɗaya: wane haɗi aka ba shi, sau nawa, zafin jikinsa ya kai ina, shekara nawa ya ƙara. Aikin da uban bai yi da kyau ba ke nan. A 1953 ita da Oliver Grace suka kafa cibiyar Cancer Research Institute a New York. Duk da haka, a 1965 ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka ta sa dafin Coley cikin jerin magungunan da ba su da tabbas, sai bayan shekara goma aka cire shi.

Bayanin da Coley ya rasa ya zo daga baya: ƙwayar cutar tana tada garkuwar jiki ne, garkuwar kuma ta auka wa ƙarin. A 1959 Lloyd Old ya nuna cewa BCG na kare ɓeraye daga ƙari. BCG ɗin nan dai ita ce rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai a Nijar, mai barin ɗan tabo a hannu. A 1976 Alvaro Morales a Kanada ya zuba ta cikin mafitsarar masu kansar mafitsara, kuma har yau ana yin haka. A 2018 James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka sami kyautar Nobel saboda gano yadda za a kwance birkin da ke hana garkuwar jiki kai wa kansa hari. Dukansu biyu sun karɓi lambar yabo mai sunan Coley kafin nan.

Cibiyar da Helen ta kafa tana ɗaukar nauyin matasan masu bincike da suka gama digirin digirgir, daga ƙasashe daban-daban. Tambayar da wasunsu ke bi a ɗakunan bincike ita ce wadda ta gagari Coley tun kan Zola: magani ɗaya, cuta ɗaya, wani ƙarinsa ya narke, na gadon kusa da shi ko gezau.