Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Daga Aji Zuwa Rediyo, Daga Rediyo Zuwa Minista

A wannan fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu mun ga ya dace mu waiwayi wani ɗan garin nan da kowa ya san sunansa, amma kaɗan suka san aikinsa. Da yawa cikinmu 'ya'yanmu sun yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, wasu ma can suka samo takardar da suke ci da ita yau. To wane ne mai sunan?

An haifi Isa Kaita a 1912, ɗa ne ga Wazirin Katsina Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda aka buɗe a 1922, tsohon gininta na nan a Rafindaɗi har yanzu. Zamani ɗaya suka yi da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai ya kama koyarwa a Midil ta Katsina, ya yi shekaru da alli a hannu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya canja masa hanya. Lokacin nan jita-jita ta cika gari, kowa da abin da ya ji a kasuwa, ga kuma samarinmu an kwashe su soja, wasu Habasha, daga baya wasu har Bama. Turawan mulki suka ga lallai a riƙa yi wa mutane bayani da harshensu. Tun a 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. A 1941 kuma aka tura Isa Kaita Ankara, babban birnin Gana ta yanzu, shi da Bello Dandago na Kano, suna karanta labarun yaƙi da Hausa a gidan rediyo. Sai 1944 ya dawo gida.

Wannan aiki shi ne yau ake kira hulɗa da jama'a, har ana buɗe masa kamfanoni a Legas da Abuja. A wancan zamani babu kamfani, babu wanda ya karanta shi a makaranta. Za a miƙo maka takarda da Turanci, cike da sunayen garuruwan da ba wanda ya taɓa ji, kai kuma ka juya ta yadda tsohuwar da ɗanta ke bakin daga za ta gane. In ka tsananta ka tayar mata da hankali, in ka sassauta da yawa ranar da gaskiya ta fito ba mai ƙara saurarenka. Kada mu yaudari kanmu, aikin Ingila yake yi, labarin da Ingila ke so a ji shi ake ba shi. Amma dabarar magana da talaka da ya koyo can, gida ya kawo ta. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban taronmu tana bayanin dalilin da rabon riba ya ragu bana, ta san nauyin abin da ake nufi.

Shekarar da ya dawo ce Sarki Dikko ya rasu, Usman Nagogo ya hau. Isa Kaita ya shiga aikin En'e, a 1948 ya tafi Exeter a Ingila ya karanto sha'anin mulki. A 1951 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa, yana cikin jam'iyyar NPC tun farkonta, shi ne ma sakataren kuɗinta. Ya zama Ministan Ayyuka a 1954, ya riƙe Albarkatun Ƙasa, sannan a 1957 aka ba shi Ilimi, kujerar da ya zauna a kai har juyin mulkin 15 ga Janairu 1966.

Nan ne aikin ya yi tsauri. Gina aji abu ne mai sauƙi in akwai kuɗi, shawo kan uba ya saki ɗansa shi ne wuyar. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. Balle 'ya mace, wadda ake ganin talla da aure sun ishe ta. Minista ba shi da abin da ya fi lallashi, sai ya bi ta kan sarakuna da hakimai da malamai. A zamaninsa makarantun firamare da na horon malamai suka yawaita a Arewa, Yaƙi da Jahilci ya ci gaba, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Sai dai a faɗi gaskiya, rabon mata bai kai na maza ba ko kusa. Shi ya sa har yau wasu iyayenmu a ƙungiya dangwala yatsa suke yi a littafin ajiya, jikokinsu ke karanta musu lissafi.

Bayan 1966 ya zauna Kaduna, ya shiga harkar kamfanoni, ana kuma neman shawararsa a matsayin dattijon Arewa. Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi shugaban Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ke karɓar bayanin dukiyar masu riƙe da muƙami, har sojoji suka dawo a ƙarshen 1983. Yana kuma cikin manyan da suka dage sai an raba Katsina da Kaduna, abin da ya tabbata ranar 23 ga Satumba 1987. A sarauta ya riƙe Madawaki kafin ya zama Waziri, sarautar mahaifinsa.

Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna cikin Nuwamba 1994, yana da shekara 82. Akwai titi da sunansa a Kaduna, ga kuma kwalejin Dutsin-Ma, inda yanzu 'yan mata ke cika aji suna koyon aikin da ya fara da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.