Alhassan Ɗantata, falken goro da ya riga saura gane hanya ta sauya

A yau idan aka ambaci Alhassan Ɗantata a Kano, abu biyu ne ke fara zuwa a zuciya: tsohon hoton dalar gyaɗa, da kuma Aliko Ɗangote, wanda tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Tsakanin hoton da sunan akwai rayuwar shekara kusan 78, wadda ta faɗo daidai lokacin da birnin Kano ya juya wa Sahara baya ya fuskanci teku. Dukiyar mutumin nan ta samo asali ne daga wannan juyi, kuma iyakar da aka gindaya masa ita ma daga can ta fito.

An haife shi a Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Ayarinsu kan tashi da rani, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafin Kano da kayan fata, a yi wata da watanni ana sauka zango-zango kafin a kai kasuwar Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Daga can a juyo da huhunan goro, kayan da ba ya son rana, ba ya son sakaci, sai an riƙa kwancewa ana tsince ruɓaɓɓe a hanya. Sana'a ce da ke koya wa yaro lissafin asara tun kafin ya san daɗin riba. Mahaifinsa Abdullahi falke ne a wannan hanya, ya rasu Alhassan yana ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Accra da zama, ta bar 'ya'yanta a hannun wata baiwa mai suna Tata. Sunan wannan baiwa ne yau ke rubuce a jikin kamfanoni da tituna.

Kanon da ya tashi a gefenta ta daɗe da zama cibiya. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, adadin da kan ninka idan fatake suka cika gari da rani. Saƙa da rini su ne ƙarfin garin, kuma tufafinsa na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Sai dai a ƙarshen ƙarnin hanyoyin sun fara lalacewa. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, abin da ya raunana ikon Ashanti kan cinikin goro, rikicin sarauta kuma ya watsa Salaga a 1892. A gida ma wuta ta tashi: Basasar Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa ta ɓarke a 1893. Bebeji ta faɗa cikin yaƙin, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Wanda daga baya za a kira attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma ya taɓa zama abin da ake yi wa kuɗi.

Bayan ƙura ta lafa ya bi sawun iyayensa zuwa Gwanja, har ya dangana da Accra. A nan ne ya ga abin da ya bambanta shi da mafi yawan tsararrakinsa. Goron da ake wahalar kai shi arewa a bayan jaki ana iya loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Accra zuwa Legas cikin 'yan kwanaki. Ya shiga wannan hanya tun da wuri, ya haɗa da cinikin duwatsun wuya da yadin Turawa. Lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sannan layin dogo ya iso a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, shi ya riga ya saba da tunanin cewa kaya na iya zuwa Kano ta kudu. Ya kafa gida a cikin birni, a yankin Koki, inda unguwar Sarari take.

Turawan mulki ba don gyaɗa suka shimfiɗa dogo ba. Burinsu auduga ne, domin masaƙun Lancashire. Amma masaƙan Kano suna sayen audugar manomi da farashin da ya fi na Bature, don haka ba ta fita yadda aka so ba. A daidai lokacin masana'antun Turai suka samu dabarar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da sabulu, farashin gyaɗa ya tashi. Ƙasar Kano mai jigawa ce, gyaɗa na son ta. Ga jama'a a cunkushe a karkarar da ke kewaye da birni, suna noma gona ɗaya kowace shekara da takin da jakuna ke kwasowa daga cikin gari. Ga kuma haraji, wanda yanzu ake nema da tsabar kuɗi maimakon wuri. Manomi ya yi nasa lissafin, ya shuka gyaɗa tsakanin kunyoyin gero da dawa. A kakar 1912 gyaɗar da ta taru a tashar Kano ta ba jami'an dogo mamaki. Zaɓin na manoma ne da fataken Hausawa, ba umarni aka ba su ba.

A nan tsarin zaman garin ya yi wa Ɗantata rana. Mulkin mallaka ya bar birni na cikin ganuwa a hannun Sarki, kamfanonin Turawa kuma suka kafa kantunansu a waje, kusa da tasha. 'Yan kudu suna Sabon Gari, Kwarori suka taru a wajen da ya zama Kantin Kwari. Bature yana da kuɗi da jirgi, amma bai san ƙauye ba, bai san wanda zai ba bashi ya dawo ba. Masu goro su ne ke da wannan sani: yara a kowace kasuwa, dillalai, masu masauki, da amanar da aka gina a kan aure da zumunci da malanta. Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara juya wannan tsari zuwa gyaɗa. Ɗantata ya ɗan jinkirta, sai a 1918 ya fara saye wa kamfanin Niger Company, amma cikin shekara kaɗan ya wuce su duka. Yakan karɓi kuɗi a hannun kamfani, ya raba wa yaransa tun kafin kaka, su kuma su bi manoma da gishiri da yadi da tsabar kuɗi. Da aka haɗe kamfanoni aka kafa UAC a 1929, shi ne babban mai saye musu a Kano. Bai saki goro ba, ya kuma sa hannu a cinikin shanu zuwa kudu da hatsi, saboda haka idan kasuwa ɗaya ta faɗi wata na riƙe da shi. Hakan ya taimaka masa ya tsallake karyewar farashi ta shekarun 1930, wadda ta durƙusar da 'yan kasuwa da yawa.

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai ajiya bankin Turawa a Kano. Abin lura a labarin shi ne shigarsa bankin, a zamanin da attajiran birni ke binne kuɗi a ɗaka suna ƙyamar duk abin da ya shafi ruwa. An san shi da sauƙin rayuwa da tsantseni wajen kashe kuɗi. Ya sauke farali tun a shekarun 1920, ya kuma ɗauki nauyin wasu suka je.

Dalar gyaɗa, wadda ake danganta fara ta da shi, tana buƙatar a dube ta da idon basira. An jera buhuna dubbai a fili, musamman wajen Ƙofar Mazugal, har suka zama tambarin arzikin Arewa. Amma gyaɗa ba ta taruwa haka sai don ta rasa tarago. Layi ɗaya ne siriri ya haɗa Kano da tashar jiragen ruwa ta Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu dogon ya kasa kwashe amfanin kaka guda kafin wata ta shigo. Hoton da ake alfahari da shi hoton yalwa ne, kuma hoton cunkoso ne. Gyaɗar ma ɗanya take fita, a matse ta a Ingila, ribar man ta tsaya can.

Shi kansa Ɗantata ya ci karo da rufin da aka yi wa ɗan ƙasa. Duk yawan kuɗinsa, matsayinsa na mai saye wa wani ne. Fitar da kaya waje, da jiragen ruwa, da bashin banki mai kauri, suna hannun kamfanonin Turai da suka haɗa kai suna tsayar da farashi. Lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe cinikin, a 1949 kuma aka kafa hukumar sayen gyaɗa ta Nijeriya, wadda ke yanka farashi ta kuma ba da lasisi ga wanda ta ga dama. Sai a farkon shekarun 1950, yana dattijo, ya samu lasisin saye da sunan kansa. Hukumar tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, ta tara rarar. Daga 1954, da aka mayar da ita ta Jihar Arewa, wannan rara ta zama babbar hanyar kuɗin gwamnatin yankin. Masu yabon ayyukan wancan zamani ba su cika ambaton wanda ya biya ba. Adalci kuma ya sa a faɗa cewa tsarin bashin kaka da ya ɗaukaka Ɗantata da irinsa ya ɗaure ƙaramin manomi, wanda kan sayar da amfaninsa tun yana gona a farashin da mai kuɗi ya ga dama.

A siyasa ya tsaya kusa da fada. Ya zauna a majalisar Sarki Abdullahi Bayero a matsayin muryar 'yan kasuwa, a shekarun da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ke tara talakawa da ƙananan 'yan kasuwar birni a kan mulkin En'e. Mutumin da harkarsa ta rataya a kan lasisi da filin ajiya da kotun alƙali ba shi da sararin yin faɗa da masu riƙe da su.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya ja hankalin 'ya'yansa kada su wargaza harkar, kuma kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya ci gaba a hannunsu. Sanusi ya faɗaɗa sayen gyaɗa da sufurin motoci, Aminu kuma, wanda ya rasu a watan Yunin 2025, ya kai gidan ga gine-gine da man fetur. Gyaɗar ba ta yi irin wannan tsawon rai ba. Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da ita a shekarun 1960, sannan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 suka karya noman, kuɗin fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, lokacin filayen dala sun daɗe da zama fili.