Agustin na Hippo, Mutumin Da Ya Nemi Farin Ciki

Ya kai mai karatu, ka kasa kunne ga labarin wani mutumin Afirka wanda Allah ya ba kaifin hankali, amma hankalin nan bai iya kwantar masa da zuciya ba.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagasta, cikin ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Uwarsa Monika Kirista ce mai yawan addu'a, ubansa kuwa a lokacin nan bai ba da gaskiya ba tukuna. Da yaron ya tasa aka aike shi birnin Kartaj domin ya koyi fasahar magana. A can ya yi fice cikin ilimi, ya kuma saki linzamin sha'awarsa, har ya haifi ɗa ba tare da aure ba. Ya raina Littafi Mai Tsarki, gama a ganinsa maganarsa ba ta da ado. Ya bi koyarwar wani mai suna Mani har wajen shekara 9, yana tsammani da wayonsa zai tarar da gaskiya. Uwarsa kuwa ba ta fasa yi masa addu'a da hawaye ba.

A shekara ta 383 ya haye teku zuwa Roma, a 384 kuma aka naɗa shi babban malamin fasahar magana a Milan, inda fādar Kaisar take. Ga suna, ga abokai masu iko. Amma wata rana, sa'ad da yake shirya jawabin yabon Kaisar, wanda ya sani cike yake da ƙarya, sai ya wuce wani mai bara ya yi maye yana ta dariya a bakin hanya. Abin ya soke shi ƙwarai, gama ya ga matalaucin nan ya sayi 'yar murna da kuɗi kaɗan, shi kuwa da dukan wahalarsa ko wannan bai samu ba.

Ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Amburos, da fari domin daɗin bakinsa kaɗai. Sannu a hankali ya yarda bisharar gaskiya ce. Nan fa ya gamu da abin da kai ma ka sani cikin ranka: sanin hanya ba ya ba mutum ƙarfin binta. Ya so ya rabu da zunubi, al'ada kuwa ta ɗaure shi kamar sarƙa.

A shekara ta 386, cikin lambun gidan da yake zaune, ya fāɗi ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya sauka a ƙarshen sura 13, inda aka umurci mutum ya bar ayyukan duhu ya yafa Almasihu. Daga nan ya daina dogara ga kansa, salama kuwa ta shiga zuciyarsa. Amburos ya yi masa baftisma a 387, Monika ta ga amsar addu'arta kafin ta rasu cikin shekarar nan.

Kada ka zaci wahala ta ƙare masa. Ɗansa ya mutu yana saurayi. Shi kansa ya ɗauki nauyin ikilisiyar Hippo shekara kusan 40, ya rasu a 430 mayaƙan Bandal suna kewaye da birnin. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da dukiyar da zai raba. Duk da haka ya mutu yana addu'a, zuciyarsa a kafe ga Mai Cetonsa.

Kai fa, ga me kake dogara? Idan ga iliminka ne, Agustin ya yi zurfi cikinsa bai ƙoshi ba. Idan ga ƙarfin niyyarka ne, sau nawa ka yi alkawari ka karya? Ka zo wurin Yesu Almasihu yadda kake, ka faɗi zunubinka, ka roƙi alherinsa tun yau, gama ba a ba ka tabbacin gobe ba.