John Bartram: Manomin Da Zuri'arsa Ta Ceci Bishiya Daga Ɓacewa

A filinmu na tarihi na yau, mun waiwayi wani manomi da ya kamata masu lambu a Jiratawa da sauran kwarin Gulbin Maraɗi su san labarinsa.

An haifi John Bartram a 1699 a Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya sa masa son tsirrai. A 1728 ya sayi gona kusa da birnin Philadelphia, ya riƙa shiga dazuka yana kwaso irin itatuwan ƙasarsu yana renonsu. Sunansa ya kai Ingila, har Sarki George na Uku ya naɗa shi masanin tsirrai na fada a 1765.

A wannan shekarar ce shi da ɗansa William suka ga wata bishiya mai farin fure a bakin kogin Altamaha. Daga baya William ya koma ya ɗebo irinta, aka shuka a lambun gidansu, aka raɗa mata suna Franklinia. Tun farkon ƙarni na 19 ba a sake ganinta a daji ba. Duk wadda ke raye yau jikar ta lambun nan ce.

Bartram ya rasu a 1777. 'Ya'yansa suka ɗora, sannan jikarsa Ann ta riƙe lambun har 1850. Lambun yana nan har gobe.

Mu ma muna da gawo, aduwa, magarya da kanya. Manoman Maraɗi da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin toho ya girma a gona, sun nuna mana hanya. Saura mu koya wa 'ya'yanmu, don kada jikokinmu su san kanya a baki kawai.