Muhammad al-Katsinawi: Masanin lissafin da ya tashi a Katsina, ya rasu a Alƙahira

Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke kira al-Kishnawi, yana cikin fitattun malaman da ƙasar Hausa ta fitar a ƙarni na 18. Ya shahara a fannin lissafi da ilimin taurari.

Ya tashi a Katsina a zamanin da birnin ke cibiyar ilimi da fatauci. Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagarmi. Daga bisani ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Misira.

Aikinsa da ya fi fice shi ne Bahjat al-Afaq, littafin da ya rubuta da Larabci a kan ilimin haruffa da aufaƙi, wato hatimin lissafi. A irin wannan hatimi ana jera lambobi ta yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Ya bayyana hanyoyin gina hatimin da adadin gidajen gefensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7.

Hatimi mai gida tara ya isa misali. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45; idan aka raba ta ga layuka uku, kowane layi zai ɗauki 15. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Ke nan 45 + 3x = 60. A ɗebe 45 daga ɓangarorin biyu, saura 3x = 15; a raba da 3, x = 5. Saboda haka babu lambar da za ta zauna a tsakiya sai 5. Irin wannan aljabra ce ɗaliban ƙaramar sakandare ke koya a yau, daga Kafanchan har Katsina.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya karanci ilimin aufaƙi a wurinsa. Can ya rasu a 1741, bayan ya damƙa amanar littattafansa a hannun mai masaukin nasa. Ɗan Shaihu Hasan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta tarihinsa a littafin Aja'ib al-Athar, wanda ya adana sunan malamin har zuwa yau.